Manhajar da Ta Ƙi Buɗewa a Ruga

Kawu ne ya jawo ni cikin maganar, ni ban nema ba. Yayan mahaifiyata ne, manomi a wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa, kuma shi ake kira duk lokacin da shanu suka shiga gonar wani. Ba shi da sarauta. Abin da yake da shi shi ne arɗon rugar da ke bayan ƙauyen, abokinsa tun suna samari. Idan rigima ta taso, Kawu ya riƙe manoma, arɗo ya riƙe makiyaya, su biyun su zauna su kashe wutar. Kowace kaka kuma, da zarar Kawu ya kwashe amfanin gonarsa, garken arɗo ne ke fara sauka a ciki, shanu su ci kara da ragowar harawa, su bar masa taki. Kowa a ƙauyen ya san haka abin yake tsakaninsu.

Ni a lokacin ina Kazaure, na gama karatun kwamfuta, ina ta rubuta 'yan manhajojin da babu mai amfani da su sai ni da ƙawayena. Wata Juma'a Kawu ya zo gaishe da mahaifiyata, ya tarar da ni a tsakar gida na duƙufa a kan kwamfuta. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce rigimar kowace shekara guda ce: makiyayi bai san wace gona aka gama kwashewa ba, ya hango kara a tsaye ya kora shanu, ashe akwai wake a ƙasa. Ya tambaye ni ko waya za ta iya gaya wa mutum wannan. Na ce sosai ma. Bakina ya riga hankalina, kamar kullum.

Abin da na gina ba shi da wuya. Taswirar gonakin ƙauyen ce, kowace gona ja. Idan manomi ya gama kwashe kayansa sai ya danna tasa ta koma kore, makiyayi kuma ya duba wayarsa ya san inda zai nufa. Na bi gonakin da ƙafa tare da Kawu ina ɗaukar iyakokinsu, ƙaya ta yi min kaca-kaca da siket. A wayata komai yana tafiya sumul.

Na ba Kawu kwafin gwaji, na ja masa kunne cewa nasa ne shi kaɗai. Shi kuwa da murnar 'yar ƙanwarsa ta yi abin kirki, ya kai wa mai cajin waya na bakin kasuwa. Mai caji ya riƙa tura wa duk wanda ya kawo waya, haɗe da wa'azi da bidiyon dambe. Da na gama ta gaskiyar na kawo, ta ƙi sauka a kusan kowace wayar manomi. Kowace manhaja tana da hatimin wanda ya yi ta, kuma hatimin ta gwajin dabam yake da na sabuwar, don haka waya ta ga kamar wani baƙo ne ke son ƙwace gurbin mai gida. Sai da na wuni a rumfar mai caji ina cire tsohuwa ina saka sabuwa. Wasu wayoyin kuma a cike suke maƙil, babu wurin ajiye ko allura. Wani dattijo ya gwammace a bar shi ba manhajar da a goge masa bidiyon ragon layyarsa na bara. Na yi masa magiya, na yi masa fushi, daga ƙarshe muka goge wa'azin da ya sauke sau biyu.

Duk wannan ban ɗauke shi komai ba. Gajiya ce kawai, kuma na san maganin kowanne.

Aka sa ranar taro a ƙofar gidan mai gari, bayan la'asar, lokacin an yanke gero ana jiran dawa. Manoma suka zauna gefe, arɗo da mutanensa suka zauna gefe. Ni aka shimfiɗa min tabarma can daga baya, tunda ba a saba ganin mace a irin wannan zama ba. Daga nan na tura wa makiyayan manhajar daga wayata zuwa tasu, kowa yana riƙe da abarsa, ina faɗa musu inda za su danna. Ta sauka lafiya lau a wayoyinsu, ko gardama babu. Na ji daɗi har na fara gyara zama.

Mai gari ya ce kowa ya buɗe. Manoma suka buɗe, taswira ta fito, suka hau nuna wa juna gonakinsu suna dariya. A ɓangaren makiyaya kuwa shiru. Na hango arɗo ya danna, fuskar wayarsa ta yi fari, ta ɗan tsaya, sai ta koma inda ta fito. Ya sake dannawa, ta sake fita. Na kusa da shi haka, na bayansa haka. Na miƙe tsaye ban sani ba. Babu wayar makiyayi ko ɗaya da ta buɗe, babu wayar manomi ko ɗaya da ta ƙi.

Wani ƙanen arɗo, mutum mai zafi, ya ɗaga tasa sama ya ce, "To, ashe abin na manoma ne. Mu an kira mu kallo."

Na buɗe baki zan ce a ba ni waya ɗaya in duba, Kawu ya riga ni. Na san don ni ya yi maganar, ya ga an zuba min ido, ya ga zufa ta karyo min. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Haba, yarinyar nan ta yi aikinta daidai, ga shi kowa na gani. Hannu ne dai bai saba ba. Ku da kuke daji, ba ku iya ba ne tukuna."

Wasu manoma suka kwashe da dariya. Arɗo ya sa wayarsa a aljihu, ya jawo takalmansa, ya yi wa mai gari sallama cikin ladabi, ya tafi. Mutanensa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Bai dubi inda Kawu yake ba.

A kan babur, hanyar komawa, na ce wa Kawu bai kamata ya faɗi haka ba. Ya ce wasa ne, shi da arɗo sun yi wanda ya fi wannan. Na ce a gaban mutane? Ya ce in yi shiru in gyara abina, idan ta buɗe a wayoyinsu magana ta ƙare. Ya ce kafin ya gama kwashe dawarsa yake son a gama, domin arɗo ya ga koren gonarsa da idonsa ya kawo shanu kamar kowace shekara. Daga ranar na san ba manhaja nake gyarawa ba kawai, kuma na ji tsoro ƙwarai.

Na koma Kazaure na buɗe kwamfuta da tabbacin zan ga dalilin. Na riga na tsara manhajar yadda duk lokacin da ta faɗi za ta aiko min da rahoton abin da ya kayar da ita. Na duba, babu rahoto ko ɗaya. A wajen kwamfutata, wayoyin makiyayan nan ba su taɓa buɗe komai ba, kamar ma ba a yi taron ba. Wannan ya fi komai ɗaga min hankali. Ciwo ne ba tare da an nuna maka inda yake ba.

Na fara da zargin wayoyin. Na lura yawancin na makiyayan ƙananan nan ne masu araha, tsofaffin yayi. Na ari irinsu a wajen wata maƙwabciyarmu, na saka, ta buɗe. Na ce wataƙila tata ba ta tsufa sosai ba. Na hau mota har Babura, wajen wani mai sayar da wayoyin hannu na biyu da ake shigowa da su daga tsallaken iyaka, mutumin da ke faɗin farashi da naira ya sake faɗa da sefa ko ba a tambaye shi ba. Ya bar ni na gwada a duk tsofaffin da ke cikin akwatinsa, masu fasasshen gilashi da waɗanda aka ɗaure da roba. Wasu harshensu Faransanci, wata ma Larabci. Na yi ta addu'a ɗaya ta faɗi. Ban taɓa roƙon Allah aikina ya lalace ba sai ran nan. Duk suka buɗe, mai shagon yana ta yi min barka, ni kuwa kamar in yi kuka.

Na koma zargin sabis. Na ce ruga can cikin daji take, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Amma ai a ƙofar gidan mai gari ta faɗi, inda manoma suka buɗe tasu a kan tabarma guda. Duk da haka na ɗauki ɗan acaba muka bi hanyar Roni, na sa shi ya tsaya a wani kwari tsakanin duwatsu inda sabis ke rawa. Na buɗe manhajar. Ta yi jinkiri, ta yi nauyi, amma ta fito. Ɗan acaban ya tambaye ni ko wani abu na yar a wurin. Na daka masa tsawa ba laifinsa, daga baya na ba shi haƙuri.

Na rage nauyin taswirar. Na sake rubuta ɓangaren da ke neman izinin sanin inda mutum yake. Na cika wayar gwaji da tarkace har ta kusa shaƙewa, na buɗe, ta yi. Na bar batir ya kusa mutuwa, na buɗe, ta yi. Kowane gyara na yi, ba ni da wanda zan gwada a kansa, domin wayoyin da ke da ciwon suna ruga, masu su kuma sun daina amsa mana. Mahaifiyata ta daina tambayata ko zan ci abinci, sai dai ta ajiye ta wuce.

A ƙauye kuwa magana ta fara yin ƙafa. Aka ce an yi manhajar ne don a riƙa gane garken da ya yi ɓarna a ci shi tara. Aka ce da gangan aka toshe wayoyin makiyaya, don idan shanu sun shiga jar gona a ce ai an sanar, su ne ba su duba ba. Aka ce Kawu ya sani tun farko. Sai kuma wani garke ya faɗa gonar wake a gefen burtali, mai gonar ya fito da sanda, samari suka taru. A da, kafin a kai ga haka Kawu da arɗo sun iso wurin. Ran nan Kawu ya kira wayar arɗo, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Mai gari ne ya raba da ƙyar, kuma kowa ya koma gida da abin a ransa.

Kawu ya riƙa kirana safe da yamma. Ba ya gaisawa sosai, sai dai, "'Yata, ya ake ciki?" In ce ina kai. Ya ce an fara yankan dawa. Daga baya ya ce an ɗaure dammuna. Daga baya ya ce an kai rumbu, saura wake. Muryarsa tana ƙara yin ƙasa a kowane kira. Na ce masa ya je rugar da kansa ya ba da haƙuri. Ya ce a kan me? Idan ya je yanzu, cewa za a yi ya amsa laifin toshe musu waya. Sai abin ya buɗe tukun, ya je da hujja a hannu. Taurin kan gidanmu na san shi, don ni ma ina da rabona.

Da na ga ba ni da sauran abin gwadawa a ɗaki, na yanke shawarar in je inda wayoyin suke. Uwargidan arɗo tana kawo nono kasuwar Gwiwa, kuma ta san mahaifiyata tun suna 'yan mata. Ranar kasuwa na same ta a layin masu nono, na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa ba yabo ba fallasa. Na ce, "Inna, so nake ki tafi da ni gida." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kawunki ne ya aiko ki?" Na ce bai ma san na zo ba. Ta ci gaba da dama wa wani fura kamar ba ta ji ba. Sai da kasuwa ta fara watsewa ta ce in ɗauki ƙwarya ɗaya in rage mata kaya.

Kafin mu bar gari ta tsaya a rumfar wani mai caji, ya miƙo mata ƙullin tsumma, ta jefa cikin ƙwaryar da babu komai ta rufe da faifai. Ban kula ba. Hankalina yana kan abin da zan ce wa arɗo.

Mun isa ruga rana ta yi sanyi, shanu ba su dawo ba. Ba a kai ni wajen maza ba, aka zaunar da ni a ɓangaren mata, aka kawo min nono mai sanyi. Babu wadda ta yi min maganar manhaja, ni ma na kasa farawa. Inna ta kwance ƙullin nan a kan tabarma. Batura ne na waya, tuli guda, kowanne da alamarsa: wani an ɗaura masa jan zare, wani an ɗiga masa lalle, wani an karce shi da wuƙa. Matan suka zo kowacce ta ɗauki na mijinta da nata. Na tambaya, Inna ta ce ai makiyayi ba ya rabuwa da wayarsa wuni guda, yana daji, ko saniya ta ɓata ko wani abu ya taso. Shi ya sa kowa yake da batir biyu ko uku. Wayar tana jikinsa, batir ne ke zuwa kasuwa a cikin ƙwaryar nono ya sha caji ya dawo.

Surukar Inna, wata doguwar mata mai goyo, ta ɓalle bayan wayarta da farce, ta cire mataccen batir ta saka mai rai. Wayar ta kunna. Ta dube ni ta ce, "Ƙarfe nawa a taki?" Na faɗa mata. Ta shiga wajen saita lokaci da saurin wadda ta saba, tana gyara awa da minti. Ina zaune kusa da ita, idona ya sauka a kan layin da ke sama da wanda take gyarawa. Kwanan watan yana nuna ranar farko ta watan farko na wata shekara da ta wuce tun ina makarantar sakandare.

Na riƙe hannunta ban san na riƙe ba. Na ce, "Tsaya. Don Allah tsaya."

Na tambaye ta ko tana gyara wannan layin. Ta ce me za ta yi da shi? Awa take so don salla da lokacin tatsa. Ranar kasuwa kowa ya san ta, wata kuma ana ganinsa a sama. Na karɓi wayar wata, haka. Na karɓi ta uku, haka. Duk lokacin da aka cire batir, agogon wayar yana komawa ranar da aka ƙera ta. A gari, sabis ne ke gyara shi da kansa nan take. A ruga sabis ba ya nan lokacin da ake canjin, don haka sai su saita awa da hannu, kuma waya ba ta yarda ka saita da hannu sai ka kashe mata saitin kai-da-kai. Da zarar an kashe shi, ya kasu ke nan, ko an shiga gari. Manoma kuwa wayar sukutum suke kai wa mai caji, batirinsu bai taɓa fita ba.

Sauran na san shi tun a aji. Kafin manhajata ta karɓi taswira daga babbar kwamfutar da ke ajiye da ita, sai ta duba takardar shaidar kwamfutar, wadda ke da ranar farawa da ranar ƙarewa. Wayar da ke zaune a shekarun baya tana ganin takardar ba ta ma fara aiki ba, sai ta ƙi yarda, manhajar kuma ta faɗi. Rahoton da zai gaya min haka shi ma ta wannan ƙofar zai bi, shi ya sa bai taɓa isowa ba.

Muka hau wani tudu a bayan bukkoki inda suka ce sabis yana kamawa. Na kunna saitin kai-da-kai a wayar surukar. Shekarar ta yi tsalle ta dawo yau. Na ce ta danna manhajar da kanta. Fuskar ta yi fari, ta ɗan tsaya. Sai ga taswira, ja da kore. Na zauna a ƙasa. Matan suka kewaye wayar suna magana da Fulatanci da sauri, Inna kuma ta juya ta nufi wajen maza.

Arɗo ya zo tudun da kansa, da ƙanensa mai zafin nan a bayansa. Na durƙusa na ce, "Baffa, barka da yamma." Ya amsa, ya tambayi mahaifiyata. Na yi masa bayani tun daga ƙwaryar nono har zuwa takardar shaida, ina ta haɗa kalmomi. Na ce wallahi babu wanda ya toshe kowa, ni ce ban san batir yana tafiya kasuwa shi kaɗai ba. Na miƙa hannu don ya ba ni wayarsa. Bai ba ni ba. Ya ce in faɗa masa inda ake shiga.

Na faɗa. Ya shiga ba tare da ya yi kuskure ko ɗaya ba, ya kunna, ya fito, ya danna manhajar. Ta buɗe. Ya ja taswirar da yatsa, ya buɗa ta, ya bi burtali har ya kai gonar Kawu. Kore ce shar. Ashe da safen nan Kawu ya gama da waken ya danna. Arɗo ya daɗe yana kallonta. Ƙanensa ya leƙa ta kafaɗarsa, ya yi ƙasa da kai ya koma gefe.

Na ce, "Baffa, ka ga ta Kawu an gama." Na ƙi jinin yadda muryata ta fito, kamar mai talla.

Ya kashe fuskar wayar ya sa a aljihu. Ya ce, "Kin yi ƙoƙari, 'yata. Allah ya yi miki albarka. Na yarda ba a toshe mu ba, zan gaya wa mutanena, za su yi amfani da ita." Sai ya ƙara da cewa, "Ki gaya wa kawunki mun iya."

Ya sa aka kai ni bakin titi a kan babur, Inna ta cika min galan da nono in kai wa mahaifiyata.

Washegari na wuce ƙauye na sami Kawu a zaure. Na fara da labarin batura. Fuskarsa ta washe, ya riƙa tafa hannu yana cewa ai ya faɗa, ai ya san ba laifina ba ne, yana ta neman hularsa zai fita ya shaida wa mai gari. Na so in tsaya a nan. Na yi tunanin in riƙe saƙon, in ce arɗo yana gaishe shi kawai. Amma an ba ni ne in kawo, kuma na san zai ji daga wani bakin. Na faɗa masa yadda aka faɗa min. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya zauna, hular a hannunsa, bai sa ta ba.

A makon na fitar da gyara. Yanzu idan agogon waya ya kauce, manhajar ba ta faɗuwa, sai murya ta fito da Hausa da Fulatanci ta gaya wa mutum abin da zai danna. Surukar Inna ce ta yi min muryar Fulatancin. Rahotanni suka fara shigowa daga ruga, lafiyayyu. Makiyaya suka riƙa duba taswira kafin su kora, kuma a kakar nan ba a sake fitowa da sanda ba. Mai gari ya yi ta sa min albarka a gaban mutane.

Kawu ya je rugar, daga baya na ji. Ya hau kekensa da sassafe, ya dawo kafin azahar. An karɓe shi, an shimfiɗa masa tabarma, an ba shi nono, an yi gaisuwa mai tsawo, an rako shi har bakin hanya. Bai gaya wa kowa abin da suka ce wa juna ba, ni ma ban tambaya ba.

Garken arɗo ya sauka a wata gona can gabas da ƙauyen. Sauran makiyayan kuwa babu wanda ya shiga ta Kawu, domin kowa ya san ta wane ce, kuma babu mai son ya zama shi ne ya taka ta. Duk safiya idan na buɗe kwamfuta don duba ko wani abu ya faɗi, babu abin da ya faɗi, komai yana aiki. Gonar tana nan a tsakiyar taswira, kore, kowa yana ganinta a wayarsa. Da bazara ta matso, Kawu ya ɗauki 'yan ƙwadago suka sare karan da ke tsaye, ya tara shi a tsakiyar gonar ya sa masa wuta.